Murar Tsuntsaye A Jikin Agwagi, Da Yadda A Ke Gane Ta

Kowa ya san agwagwa ta fi kaza ƙarfin rai. In hunturu ya kama, annoba ta shiga gari, sai a wayi gari kaji sun zube a akurki, amma agwagi na nan suna tafiyarsu ta ƙasaita zuwa bakin kududdufi, kamar ba abin da ya faru. Saboda haka ne mata da yawa a Sunke da sauran ƙauyukan ƙasar Anka, da na Bukkuyum da Gummi, su ke riƙon agwagwa a matsayin asusu. Ba ta cin hatsi da yawa, ta kan nemi rabin abincinta a kwata da fadama, ta kwanta kan ƙwanta kwana 35 ta fito da 'ya'ya cike da tsakar gida. In biki ya taso, ko yaro ya kwanta ciwo, sai a kama toro guda a kai kasuwa.

To, amma wannan ƙarfin rai yana da nasa lahani. Akwai wata cuta, murar tsuntsaye, wadda agwagwa ta kan ɗauka ta yi ta yawo da ita tana rabawa, ita kuwa ko atishawa ba ta yi ba. Akwai kuma waɗansu masifu dabam da su kan kama agwagwa su nuna alamu irin na murar. Ido kaɗai ba ya iya rarrabe su. Ya kamata mai kiwo ya san halin cutar nan, ya san abin da ke kama da ita, ya kuma san yadda likitocin dabbobi ke tabbatar da ita, domin ya taimake su maimakon ya ɓata musu sawu.

ASALIN CUTAR

Murar tsuntsaye ta daɗe a duniya. Gidanta na asali cikin hanjin agwagin daji ne da sauran tsuntsayen ruwa, kuma yawancin ire-irenta ba su yi musu kome. Amma a 1996 aka sami wani mugun iri a jikin dinyar gida a kudancin ƙasar Sin, wanda likitoci suka sa wa suna H5N1. A 1997 ya kama mutum 18 a birnin Honkon, 6 suka mutu, har hukumar birnin ta sa aka hallaka kaji fiye da miliyan guda. A 2005 ya kashe dubban tsuntsayen daji a wani babban tafki cikin Sin, daga nan ya nufo yamma, ya ratsa Rasha ya shiga Turai.

A watan Janairu na shekarar 2006 kaji suka fara zubewa a wata babbar gona a Jaji, cikin Jihar Kaduna. Wajen 40,000 suka mutu. Da farko an zaci wata cuta ce dabam, sai da aka aika da samfur wani ɗakin bincike a ƙasar Italiya, ran 8 ga Fabrairu aka yi shelar cewa H5N1 ce. Nijeriya ce ƙasa ta farko a Afirka da aka tabbatar da ita. Kafin watan ya ƙare an same ta a Magariya, cikin ƙasar Nijar, kuma a can a jikin agwagin gida aka gano ta. A farkon 2007 wata mace ta rasu da ita a Ikko.

Cutar ta lafa bayan 2008, amma ta komo a Janairu 2015 a Kano da Ikko. A ƙarshen 2016 wani iri mai suna H5N8 ya ɓulla a Kano, a farkon 2021 kuma H5N1 ta sake tashi a can. Mai lura zai ga yawancin tashin nan cikin sanyi ne, tsakanin Nuwamba da Fabrairu.

HALIN ƘWAYAR

Ƙwayar da ke kawo cutar, irin wadda a ke kira bairus ce. Ƙanƙantarta ta wuce misali: in an jera 10,000 ba za su kai faɗin ƙwayar gero guda ba, madubin likita na asibiti ma ba ya nuna ta. Ba ta ci, ba ta sha, ba ta iya haihuwa da kanta. Sai ta kutsa cikin ƙwayar naman tsuntsu, ta tilasta mata ta bar aikinta ta koma ƙera mata 'ya'ya, har naman ya lalace. Shi ya sa kafso da a ke saye a kemis ba ya taɓa ta, haka jiƙon maɗaci da barkono. Kafso maganin waɗansu ƙwayoyi ne dabam.

Siffarta kamar ƙunshi ce mai rigar kitse, jikin rigar duk ƙayoyi iri biyu. Iri na farko, da a ke kira H, shi ne mabuɗin da ta ke buɗe ƙwayar nama da shi ta shiga. Na biyu, N, shi ne wuƙar da 'ya'yanta ke yanke kansu da ita su fita. A cikin tsuntsaye an san H iri 16, N iri 9, daga nan ne sunaye irin su H5N1 da H5N8 suka fito.

Bambancin mai sauƙi da mai kisa yana jikin mabuɗin nan. Mabuɗin mai sauƙi ba ya aiki sai a hanji da hanyar numfashi, don haka ɓarnarsa kaɗan ce. Amma irin H5 da H7, in sun daɗe suna zagawa cikin kaji, mabuɗinsu ya kan sake, ya zama yana buɗe ko'ina: zuciya, hanta, ƙwaƙwalwa, jijiyoyin jini. Wannan shi ke kashe kaza cikin kwana ɗaya ko biyu.

Cikin ƙunshin akwai zare guda 8, su ke ɗauke da umarnin yadda za a ƙera sabuwar ƙwaya. In iri biyu suka haɗu a cikin agwagwa ɗaya, sai su yi musayar zaren, a haifi iri na uku wanda ba a taɓa gani ba. Agwagwar da ke wanka a tafki ɗaya da tsuntsayen daji, da dare kuma ta kwana da kaji, ita ce kasuwar da a ke wannan musaya.

Ƙwayar tana fita ta kashi da yawu da majina. Tana son sanyi da laima. Cikin ruwa mai sanyi ta kan yi makonni da ranta, amma zafin rana da bushewa suna raunana ta. Sabulu yana narkar da rigar kitsen ta mutu, haka kuma dahuwa sosai, wadda nama zai nuna har ciki ba sauran ja.

TA INA TA KE SHIGA GIDA?

Hanya biyu ce. Ta farko ruwa. Kowace shekara in damina ta wuce, agwagin daji su kan taso daga Turai da Rasha su yi hunturu a fadamun Haɗeja da Nguru da Tafkin Cadi, su cuɗanya da na ƙasar nan. A 2007 masu bincike sun sami wani mugun iri, H5N2, a jikin kirinjijiya da dinya a fadamar Haɗeja da Nguru, tsuntsayen kuwa lafiyarsu lau. Kirinjijiya da dinya ba baƙi ba ne a fadamun Gulbin Zamfara, wanda ya biyo ta Anka ya wuce Gummi. Duk agwagwar gida da ke zuwa kalar shinkafa a fadama bayan girbi tana iya shan ruwan da suka yi kashi a ciki.

Hanya ta biyu kasuwa ce, ita ce kuwa ta fi yawan kai cutar gari gari. A 2008 ma'aikata suka bi kasuwannin kaji suna ɗibar samfur, suka sami H5N1 a jikin agwagi a kasuwar Gombe, agwagin da ba wanda zai dube su ya ce ba su da lafiya. Tun 2004 gwaji ya nuna agwagwa ta kan yi fiye da mako biyu tana zubar da ƙwayar ba tare da ta nuna ciwo ba. Kwandon dillali, da takalminsa, da tayar babur, da agwagwar da aka kai kasuwa ba ta sayu ba aka komo da ita gida, duk suna ɗaukowa.

ALAMU

A jikin kaza abin ba ya ɓuya. Kaji su kan mutu farat ɗaya, da yawa a dare guda, wani lokaci 9 cikin 10 ko duka. Zanko ya yi shuɗi-shuɗi, kai da fuska su kumbura, jini ya kwanta a ƙarƙashin fatar ƙafa, ga zawo, ga wahalar numfashi. Zabi da talotalo su ma suna zubewa.

A jikin agwagwa kuwa abin kashi uku ne. Wata ba ta nuna kome. Wata ta yi sanyi kwana biyu, ta rage ci, ta daina ƙwai, ta yi zawo kore, sa'an nan ta miƙe. Wata kuma cutar ta hau mata ka: wuya ya murɗe, kai ya riƙa karkarwa, ta yi ta juyi wuri ɗaya, ido ya yi fari kamar an zuba masa nono, ta faɗi ta mutu. 'Yan ƙanana sun fi manya mutuwa. Agwagwar gargajiya mai jan fuska, wadda ta fi yawa a ƙauyukan ƙasar nan, ta fi agwagwar Turawa saurin kwantawa, amma ita ma wani lokaci ta kan ɓoye.

MASU KAMA DA ITA

Na farko shi ne annobar kaji ta hunturu da kowa ya saba da ita, wadda likitoci ke kira Niyukasil. Ita ma tana zubar da kaji, tana murɗe wuya, tana sa zawo kore, yawanci kuma ta bar agwagi tsaye. To, ga inda rikicin ya ke: gidan da kaji suka mutu agwagi suka tsira, zai yiwu Niyukasil ce, zai yiwu kuma mura ce agwagin suka ɓoye. Likitan da ya shekara talatin yana aiki ba zai rantse a kan ɗaya ba sai an gwada. Niyukasil tana da allurar rigakafi da a ke yi a Vom, kuma ba ta kashe mutum. Mura kuwa tana iya kashewa.

Na biyu gubar ruɓa. In mushe ya ruɓe a kududdufin da ya fara ƙafewa, agwagi suka ci tsutsarsa, sai ƙafa da fiffike da wuya su saki, kai ya kwanta a ƙasa. Wannan ba ya yaɗuwa daga tsuntsu zuwa tsuntsu.

Na uku darasi ne daga nesa. A 2010 agwagin gonaki a ƙasar Sin suka daina ƙwai, waɗansu suka shanye, miliyoyi suka kamu. Alamun sun yi kama da na mura, amma da aka gwada sai aka ga wani bairus ne dabam mai suna Tembusu, wanda sauro ke ɗauka, an kuwa fara ganinsa a jikin sauro a Malesiya tun 1955. Da an tsaya ga gani da ido, da an yi ta yaƙi da abin da ba shi ne ba.

Na huɗu kuwa ba sai an gaya wa mutumin Sunke ba. A farkon 2010 agwagi suka riƙa raguwa a ƙauyukan da a ke aikin zinariya a ƙasar Anka da Bukkuyum. Mutane sun lura, amma ba wanda ya ɗauki abin da muhimmanci, gama mutuwar tsuntsaye cikin rani ba baƙon abu ba ne. Ba a daɗe ba yara ƙanana suka fara suma da taune-taune suna mutuwa. An yi musu maganin zazzaɓin cizon sauro da na sanƙarau, bai yi ba. A watan Maris likitocin ƙungiyar MSF suka ga yawan sababbin kaburburan yara, aka gwada jini, sai ga gubar dalma. Dutsen zinariyar da a ke niƙawa cikin gidaje, a ke wankewa a bakin kududdufi, cike ya ke da dalma. Abin ya shafi Dareta, Abare, Sunke, Tungar Daji, Duza da Bagega a ƙasar Anka, da 'Yargalma da Tungar Guru a ƙasar Bukkuyum. Yara aƙalla 400 suka rasu.

Agwagwa tana tsotsar laka, tana haɗiyar tsakuwa don ƙundunta ya niƙa abinci, saboda haka ita ce ta kan fara kwasar dalma kafin kowa. Alamunta: kasala, fiffike ya zube, zawo kore, ƙirji ya rame har ƙashi ya fito, wani lokaci karkarwa. Mai kiwo zai ga waɗansu daga cikinsu daidai su ke da na mura. Bambancin da za a iya lura da shi a gida shi ne, dalma ta kan ci tsuntsu sannu a hankali cikin makonni, ba ta bin sawun baƙon tsuntsu daga kasuwa, mura kuwa gaggawa gare ta. Amma wannan ma zato ne, gwaji ne ke yanke hukunci.

YADDA A KE GWADAWA

Aikin ya kan fara da tambaya. Malamin dabbobi zai so ya ji: tsuntsaye nawa ne a gidan, nawa suka mutu, cikin kwana nawa? Wane iri ne ya fara, kaji ko agwagi? An shigo da baƙon tsuntsu cikin mako uku da suka wuce? Ina agwagin ke shan ruwa? Ana niƙa dutse ko wanke shi kusa? Akwai mutum, babba ko yaro, da ba shi da lafiya a gidan? Amsa ta gaskiya a nan rabin gwaji ce.

Sa'an nan ya sa safar hannu da abin rufe hanci, ya ɗauki tsinke mai auduga a ka, ya shafo cikin maƙogwaron tsuntsu, ya ɗauki wani ya shafo dubura. A jefa kowanne cikin 'yar kwalba mai ruwan magani, a sa cikin ƙanƙara. Ba marasa lafiya kaɗai a ke shafowa ba, har da agwagin da ke tsaye garau, don su ne abin tuhuma. In akwai sabon mushe a kan ɗauke shi ɗungum, ko a yanki huhu da hanta da saifa da ƙwaƙwalwa.

Akwai gwajin gaggawa da a ke yi nan take, da ɗan tsinke mai nuna layi cikin kamar minti 15. Yana da amfani ga kazar da ta mutu, gama ƙwayar ta yi yawa a jikinta. Amma ga agwagwa mai ɓoyo ya kan kuskure. In ya nuna babu, ba a sakankance ba tukuna.

Tabbaci yana Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom, cikin Jihar Filato, wadda ke can tun 1924. A can a ke yin gwajin da a ke kira PCR. Na'ura ce ke neman ɗan guntun zaren ƙwayar cikin samfur, in ta same shi ta yi ta kwafinsa, ɗaya ya zama biyu, biyu su zama huɗu, har ya kai miliyoyi a gan shi. Cikin yini guda a kan san ko mura ce, a kuma san ko H5 ce. Da irin wannan gwaji a ke neman Niyukasil cikin samfur ɗin nan.

Akwai kuma tsohuwar hanya wadda har yanzu a ke dogara da ita. A sami ƙwan kaza mai ɗan tayi na kwana 9 zuwa 11, a huda shi a ɗura samfur, a mai da shi cikin ɗumi. In mugun iri ne, ɗan tayin ya kan mutu cikin kwana ɗaya ko biyu. Sai a ɗebi ruwan ƙwan a gauraya da jinin kaza. In ƙwayar na nan, ƙayoyinta na H su kan kama ƙwayoyin jinin su harhaɗa su. Daga nan a karanta zarenta, a ga ko mabuɗinta mai kisa ne, a kuma gane danginta da ƙasar da ta fito.

Jinin agwagwa mai rai shi ma yana ba da labari. In ta taɓa kamuwa ta warke, a kan sami alamar yaƙin da jikinta ya yi. In kuwa dalma a ke zato, jini da hanta a ke aunawa, da ƙasar tsakar gida da lakar kududdufi.

Duk wannan aiki yana rataye ne a kan abu biyu: sauri da sanyi. Daga Anka zuwa Vom tafiya ce ta yini. Mushen da ya kwana biyu a rana ba ya faɗin kome.

ABIN DA MAI KIWO ZAI YI

In tsuntsaye suka fara mutuwa fiye da yadda aka saba, a gaya wa mai unguwa da malamin dabbobi na ƙaramar hukuma a ranar. Kada a jira a ga abin da gobe za ta yi.

Kada a yanka marar lafiya don a riga mutuwa. Wajen yanka da figa ne mutum ya fi shaƙar ƙwayar. Kada a bar yara su ɗauki mushe ko su yi wasa da shi. Wanda zai ɗauka ya sa hannunsa cikin leda, ya ƙulle sabon mushe guda cikin leda biyu ya ajiye a inuwa domin malami, sauran a binne su cikin rami mai zurfi inda kare ba zai tono ba. Kada a jefa a kududdufi ko a juji. A wanke hannu da sabulu. Wanda ya taɓa tsuntsayen, in zazzaɓi da tari suka kama shi, ya tafi asibiti ya faɗi abin da ya taɓa.

Kada a kwashi sauran a ruga kasuwa. Wanda ya yi haka ya sayar wa ɗan'uwansa da wuta cikin kwando. Mai saye kuma ya yi hattara da agwagwar da aka karyar wa kuɗi ba dalili, araha ba ta ado. Gaskiya ne tsoron hasara ke sa mutane ɓoyewa, gama hanyar da hukuma ta bi a 2006 ita ce hallaka tsuntsayen wurin da cutar ta ɓulla a biya diyya, diyyar farko kuwa Naira 250 ce kowace kaza, sai daga baya aka ƙara. Amma tsuntsun da aka ɓoye ya mutu ba shi da diyya ko kaɗan, ga kuma na maƙwabta sun bi shi.

Tun kafin ciwo ya zo, a raba makwancin agwagi da na kaji, a raba musu kaskon ruwa. Cikin hunturu a tsare agwagi daga fadamar da tsuntsayen daji ke sauka, a ba su ruwan rijiya a gida. Baƙon tsuntsu, da wanda ya je kasuwa ya komo, a keɓe shi mako uku kafin ya shiga cikin sauran. A yi wa kaji allurar Niyukasil kafin sanyi, domin in an yi ta sa'an nan suka zube, malami ya san inda zai fara dubawa. Dutsen zinariya kuwa kada ya shiga gida, kada a wanke shi inda dabba ko mutum ke shan ruwa.

Agwagwa tana shan ruwan da kowa ke sha, tana tsotsar ƙasar da yara ke rarrafe a kai, tana cuɗanya da na daji da na gida. Abin da ya shigo gari ta ruwa ko ta ƙasa, ita ce ta kan fara gamuwa da shi. Don haka mutuwar agwagi uku ko huɗu a unguwa ɗaya magana ce da ta isa a kai gaban dagaci, a kira malamin dabbobi ya ɗebi samfur. In gwaji ya nuna ba kome, an yi hasarar yini guda ne kawai. Allah ya kiyashe da dukiyar manoma da 'ya'yansu, amin.